Gwame a Ƙofar Gidan Suruki

Shekara uku na yi a firamare, biyu daga ciki a aji guda, saboda haka duk wanda ya ga kuskure cikin rubutun ga ya gyara abinsa, ba sai ya tako gareji ya gaya mini ba. Abin da ya sa na ɗauki biro, samarin nan ne 'yan kabu-kabu da ke cika mini benci da la'asar. Kwanan baya ɗayansu ya ce aikin ƙafar mota ba aiki ba ne. Wai a Sakkwato bisa inji ake hawar da ita, allo ya nuna lamba, a murɗa noti, mai mota ya kama gabansa. Na ce masa gaskiya ne. Ban yi gardama ba, don na san injin Sakkwato ba shi da suruki.

A Ƙaura Namoda na koyi aiki, hannun wani Bayarabe, Baba Lamidi. Mahaifina ya kai ni bayan an tabbatar noma bai karɓe ni ba, boko kuma mun rabu lafiya. Baba Lamidi ya dubi tsagen fuskata, ya san daga Gobir na fito, ya ce, "Yaya sunanka?"

Na ce, "Bawa."

Ya ce, "Wannan na sani tun da na ga fuskarka. Sunanka nake tambaya."

Kun san wasan da ke tsakanin Gobirawa da Yarbawa, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne. To ni sai na je da sunan da ya kashe mini shari'a tun ranar farko. Shekara guda ban taɓa sifana ba sai in za ni wanke ta da kananzir. Aikina in riƙe, in miƙo, in tura. Na tura motocin Ƙaura har na san nauyin kowace fiye da mai ita. In mota ta tashi a ce Oga ya iya aiki, in ta ƙi a ce Bagobiri bai tura da zuciya ɗaya ba.

Abu na farko na gaske da ya koya mini shi ne tsuguno. Wata rana anka kawo wata akori-kura mai cin taya, na ɗauko jak da gudu don a ga ƙwazona. Ya ƙwace jak ɗin, ya ja ni baya da kunne, ya ce in tsuguna in dubi ƙafafunta yadda ake duban rago a kasuwa. Na duba har tawa ƙafar ta mutu. Can na lura tayar hagu ba tsaye take ba, samanta ya kwanto waje, ƙasanta ya shige ciki. Na faɗa masa. Ya ce, "To yau ka fara aiki. Je ka sayo mini goro."

Ga karatun, kuma ba shi da tsawo. Ƙafar mota ko dai tana tsaye sak, ko samanta ya buɗe waje ƙasanta ya matse ciki, shi muke kira baka, ko kuwa samanta ya kwanta ciki ƙasanta ya baje, shi ne gwame. Yaran yanzu kamba suke ce wa duka biyun, sun huta. Inda abin ke da amfani shi ne a kwana. Mota in ta shiga kwana jikinta na rinjaya waje, nauyi ya taru bisa tayar waje. In tayar baka ce sai ta hau gefenta, kamar mutum ya taka da gefen ƙafa, ba abin da ya rage sai gurɗewa. In tana da ɗan gwame, rinjayar ce ke miƙar da ita, fuskar taya duka ta zauna ƙasa ta riƙe. Kaɗan ake so. In ya yi yawa taya za ta cinye ta ciki, mai mota ya dawo yana ambaton iyayenka ba don gaisuwa ba.

Kayan awona har yau ba su cika aljihu ba. Zare mai ƙarfi da noti ɗaure a bakinsa, domin noti in ya rataya ƙasa kaɗai ya sani, ba ya duban fuskar kowa. Tsinken tsintsiya da nake yi wa shaida da farce. Sai farin tiyo irin na magina, a cika shi da ruwa a gane ko daɓe ya kwanta daidai. Ka rataya zare gefen taya, ka auna daga zaren zuwa bakin wili a sama, ka auna a ƙasa. Bambancin biyun shi ne labarin motar. Ranar da Baba Lamidi ya yaye ni ya ba ni sifana biyu da guduma, ya ce ya 'yanta ni amma kada in gaya wa mutanen garinmu, kada duk su taho.

Na dawo Sabon Birni na kafa rumfa, na yi aure. Yawancin masu kawo mini aiki direbobin kasuwa ne, masu zuwa Isa da Bafarawa da Burkusuma. Su motocinsu ba sai an sa masu gwame ba, lodi ya riga ya sa masu. Mutum zai ɗora buhuna har sama, ya ɗora awaki bisa buhuna, ya ɗora masu awaki bisa awaki, sannan ya zo ya ce mini mota na ja gefe guda, ko sammu ne. Nakan ce sammu ne, amma a sauke rabin kaya mu gani ko zai karye. Akwai wani direban Tozai da ya kawo mini tasa, taya huɗu kowace da girmanta, ya ce in daidaita masa ƙafa. Na ce ya fara daidaita masu iyaye.

Sai shekarar da mai ya ɓace. Fetur ya koma kwalba, kwalbar ma sai da sanayya, ga damina ta yi gardama gero bai yi ba. Motoci sunka hau duwatsu a ƙofar gidaje, kaji na ƙwai a ciki. Wata da watanni ban kwance taya ba. Na koma gyaran injin niƙa da keken ɗinki da fitilar ƙwai, har kwaɗon ƙofa na gyara. A shekarar nan tuwon gidana daga rumbun surukina ya fito. Matata Hajo kan je gaida iyayenta da kwano wofi cikin zane, ta dawo da shi da nauyi. Ni ban tambaya ba, ita ba ta faɗa ba, na dai ci.

Surukin nan nawa ba za ni rubuta sunansa ba, ko yanzu da ya riga mu gidan gaskiya. Alhaji ya isa. Fataucin fata da wake yake yi tsakanin nan da Maraɗi, kuma a can ya samo motar da nake son in ba ku labari, hannun wani Bature likitan dabbobi da zai koma ƙasarsu. Ƙarama ce, ja, ƙofa biyu, kujera biyu, rufin tamfol da ake naɗewa, injinta a baya, but a gaba. Ta girmi Hajo. An yi ta don samarin Turawa su yi tsere, ta ƙare tana kai dattijo cinikin fata. Mutanen gari 'Yar Maraɗi suke ce mata. Ko a shekarar da babu mai ita ba ta rasa ba, domin Alhaji na iya hana kansa nama amma ba ya hana ta. Duk ranar kasuwar Isa shi ke tuƙa abarsa, da rawani. Ba ya ɗaukar direba, ba ya ɗaukar shawara.

Irin wannan mota da aibinta ta baro ƙasarsu. Ƙafafun bayanta kowace na rataye ga sanda guda da ke lilo daga tsakiyar mota, sifirin, ƙarfen nan mai lotsawa ya dawo, na danne ta. In ba kaya, baya ya ɗaga, ƙafafun su yi baka. A miƙaƙƙiyar hanya ba ka jin komai. A kwana kuwa, in ka shiga da gudu ka ɗaga ƙafa daga totur, tayar waje sai ta lanƙwashe ta shige ƙarƙashin mota, baya ya yi tsalle ya nemi ya riga gaba isa. Tun ranar da na fara ganinta na gane. Ban ce komai ba, saboda maganin abin gwame ne.

Alhaji kuwa gwame ne, ba ɗan kaɗan ba. Gwiwoyinsa na gaisawa, dugadugansa kowa da unguwarsa. Yana yaro an tsokane shi da kalmar har ta zama masa miki, da ya yi arziki sai ya kashe ta a unguwar. Ba mai faɗinta a gidansa, ba mai faɗinta a majalisarsa. An taɓa sayo masa jaki mai irin ƙafar, bai kwana ba anka mayar. Mijin yayar Hajo, mutumin kirki mai sayar da yadi, ya yi dariya sau guda ranar da Alhaji ke hawa babbar mota a tasha. Ya rantse wani abu ya tuna. Da maraice anka aiko matarsa ta zo mahaifinta na kira, kuma ba ta koma ɗakinta ba sai da anka yi damina biyu, malaman unguwa duk sunka sa baki. Wannan shi ne mutumin da nake cin geronsa, ina aure da ɗiyarsa, ga yara ƙanana a gabanmu.

Akwai wata kwana a hanyar Isa, bayan an sauka daga kwalbati, wadda ke zuwa ba sallama. Nan 'Yar Maraɗi ta juya da Alhaji karo na farko, ta tsaya tana kallon inda ta fito. Ya ce yashi ne. Karo na biyu ta bar hanya ta shiga gonar dawa ta kwanta bisa gefe, manoma sunka zaro shi ta sama, rawani a wuya, haƙarƙari a tsage. Ya ce birki ne. Yana kwance ana gasa masa ƙirji yana tambaya ko an wanke motar.

Babban ɗansa ya same ni a rumfa, ya ce za a ba ni motar da sunan gyaran birki, in taimaka in ce inji ya mutu, babu kayansa ko a Kano. Na ce to. Da na koma gida na gaya wa Hajo.

Ta ce, "In ka kashe ta mashin zai saya. Ka san shi. Ka taɓa ganin Baba bisa mashin?"

Na ce ban taɓa ba, kuma ba ni fata.

"To ba ta gyaruwa ne?"

"Tana gyaruwa."

"Gyara ta mana."

Na ce, "Hajo, in na gyara ta, duk wanda ya tsaya bayanta zai ga ƙafafunta sun yi haka." Na nuna mata da hannuwa biyu.

Ta daɗe tana kallon hannuwan. Ta ce, "Sauke su, yara na gani." Can kuma ta ce, "Ba a iya yi a ɓoye?"

"Ƙafa ce. A waje take."

"A rataya mata robar tare taɓo, mai tsawo."

"Sai dai a ɗaura mata zane."

"In ba a yi ba fa?"

"Kwanar na nan inda take."

Ta ɗauki tsintsiya ta share wurin da ta riga ta share. Ta ce, "In an aiko kirana, Sa'a ba ta shan koko mai sanyi." Sa'a ita ce ƙaramarmu a lokacin. Iyakar iznin da na samu ke nan.

Matsala ta biyu daɓe. Awon ga ba ya yiwuwa sai a wuri mai kwance daidai, rumfata kuwa gangara ce, ko kwano ka aje sai ya nufi kwata. Na zaga gari da tiyona. Daɓen siminti guda na samu wanda ruwa ya yarda da shi, na ƙofar siton Alhaji, jikin gidansa, daura da inuwar da majalisarsa ke zama. Na sake zagawa ko Allah zai sa in samu wani. Babu. Maginin da ya yi daɓen Allah ya saka masa da alheri, ni dai bai kyauta mini ba.

Ranar aikin na zo da hantsi tare da Garba mai walda, maƙwabcin rumfata, don ya kama mini sifirin. Garba na da hannu mai kyau da baki marar birki, tun a hanya na roƙe shi ya aje bakin. Tsakanina da Alhaji kuwa kun san yadda ake yi. Ban taɓa kallon idonsa ba, ban taɓa cin abinci inda yake ba, in na hango shi a lungu nakan tuna ina da saƙo a wani lungun. Magana in ta zama dole ta bakin ƙanensa take bi, Malam Ladan, mai makarantar allo a zauren gidan. Malam Ladan ya fito da buzunsa ya shimfiɗa kusa da mota, ya ce shi ne tafinta.

Birki na fara dubawa don kada a ce ban duba ba. Lafiyarsa lau. Babban ɗan Alhaji ya raɓo ya duƙa kusa da kunnena ya ce, "Yaushe za ta mutu?" Na ce kwananta bai ƙare ba. Ya dube ni, ya dubi zarton da na fitar, ya tuna yana da aiki a kasuwa.

Na ɗaga baya na tokare da kututture, na cire ƙafafun, munka zaro sifirin biyu, irin masu murɗi. Abin da za a yi shi ne a rage masu tsawo, baya ya sauka, sandunan su kwanta, ƙafafu su buɗe ta ƙasa. Garba ya ce a kawo wuta ya yanke yanzu-yanzu. Na hana. Wuta na kashe ƙarfin sifirin, ya koma kamar taliya. Zarto na sa, ina yi ina zuba ruwa, kuma kaɗan na yanka, domin abin da ka yanke ba ya komawa. Na jera biyun na ga tsawonsu ya zo ɗaya, na goge bakin da magagari, munka mayar.

In ka sauke irin wannan mota daga jak kada ka auna nan take, ƙarya za ta yi maka, ƙafafun na nan maƙale ciki. Sai an tura ta gaba an dawo da ita baya, an danna ta ta zauna. Kuma ba a auna ta wofi, sai da nauyin mai tuƙi a kujera. Nan munka tsaya cik. Ba ni iya cewa surukina ya fito ya zauna in auna shi.

Garba ya ce, "A sa gero."

Malam Ladan ya ce, "Kamar nawa?"

Sunka dube ni. Na ce ni ban taɓa kallonsa ba balle in san nauyinsa.

Garba ya ce, "Buhu guda ya yi. A ƙara tiya biyu saboda rawani."

Munka ɗauko buhu daga sito munka zaunar da shi bayan sitiyari. Ina tsugune ina rataya zare sai na ji majalisa ta yi tsit. Takalman Alhaji na hango ta ƙarƙashin mota, ɗaya nan ɗaya can.

Ya ce, "Ladan, wa ke cikin motata?"

"Gero ne, Yaya."

"Ina za shi?"

"Wakilinka ne. Mai aiki ya ce sai da nauyinka ake awo."

"Ina raye anka naɗa mini wakili? A fitar da shi."

Anka fitar da gero. Alhaji ya shiga da kyar yana dafe da ƙirji, ya kama sitiyari, ya kalli gaba kamar mai tafiya. Tsakanin kaina da gwiwar hannunsa bai fi kamu guda ba.

Ya ce, "Ladan, tambayi yaron ga, birkin a baya yake?"

Malam Ladan ya ce, "Bawa, wai birkin a baya yake?"

Na dubi taya na ce, "A gaya wa Alhaji birki lafiya lau. Ƙafafun baya ne ke shigewa ciki a kwana. Ana son a ɗan buɗe su ta ƙasa."

"Yaya, wai za a buɗe su ta ƙasa."

"Na ji. Saman fa?"

Malam Ladan bai maimaita wannan ba. Ya duƙa yana gyaran buzu.

Na ce, "Saman zai ɗan matso."

Garba ya buɗe baki, na aje masa hannun jak bisa yatsan ƙafa. Alhaji ya ce a ci gaba.

Na auna. Baka ya tafi, ƙafafun sun tsaya sak. Nan ne Shaiɗan ya zo mini da shawara mai kyau, wai in bar ta haka, ba baka ba gwame, kowa ya tashi da mutuncinsa. Sak ɗin ya fi da, ba shakka. Amma na san da ta shiga kwana baya zai ɗaga, bakan ya dawo, kuma a kwanar bayan kwalbati ɗan abin da ya rage ɗin nan shi ne tsakanin hanya da gonar dawa. Na ce a gaya wa Alhaji ya ɗan fito, za a sake kwancewa.

Munka kwance, munka yanka, munka mayar, bai isa ba, munka sake. Kowane karo ya fito ya tsaya a inuwa, ya koma ya kama sitiyari. Azahar ta yi munka yi salla, na tsaya sahun baya can ƙarshe. A yankan ƙarshe tsinke ya nuna saman wili ya shige ciki da kaurin ƙaramin yatsana, hagu da dama daidai. Na yanko tsohon bel na injin niƙa na ɗaure kowace sanda da jikin mota, yadda ko baya ya ɗaga ba za ta sauka ta wuce iyaka ba. Na rage iskar tayun gaba, na ƙara ta baya, na sa rabin buhun yashi a but don gaba ya samu abin riƙewa. Na gaya wa Malam Ladan abin da gyaran zai jawo: ta yi ƙasa, sai a kiyaye tudun yashi, kuma tayun baya za su riƙa ci ta ciki.

Sannan na ja baya na tsuguna na duba aikina. Da ma ban duba ba. A tsinke kaurin yatsa ba komai ba ne. A ido kuwa, ga 'Yar Maraɗi ta haɗe gwiwa ta baje dugadugai. Alhaji ya fito ya zagayo don ya gani, ya tsaya daidai gefenta, ya ba majalisa baya. Dattawan nan kowa ya samu abin kallo a wani wuri. Wani ya ciro carbi, wani ya shiga neman abin da bai ɓata ba a aljihu. Garba ya ce fitsari ya kama shi, ya tafi da sauri kafaɗunsa na rawa.

Alhaji ya daɗe a tsaye. Can ya ce, "Ladan, shiga."

"Yaya, ina da ɗalibai."

"Suna nan in ka dawo. In ba ka dawo ba sun yi maka addu'a."

Sunka nufi hanyar Isa. Ni ban jira ba, na tattara kayana na wuce gida. La'asar sakaliya sai ga aike, Hajo ta zo mahaifinta na kira. Ta yafa mayafi, ba ta ɗauki komai ba, ta dubi ɗakinta sau guda ta fita. Na zauna tsakar gida da yara. Sunka tambaye ni ina Inna ta tafi, na ce gyaran birki.

Ana kiran magariba ta shigo da kwano a kai. Ta sauke, tuwo ne da miyar kaza daga gidansu.

Na ce, "Sun dawo?"

"Sun dawo. Bappa Ladan ya ce Baba bai ma isa Isa ba. A kwanar ya tsaya, ya bi ta, ya juyo, ya sake bi, kowane karo da ƙarin gudu. Ya ce duk addu'ar da ya sani sai da ta ƙare ya koma farko. Motar ko gezau."

Haka kuwa ta ci gaba. Har Alhaji ya aje tuƙi don kansa ba ta sake barin hanya da shi ba. Amma a ranar ba wannan ya dame ni ba.

Na ce, "To kiran na mi?"

"Saƙo ya ba ni. Ya ce ba na bakin Bappa ba ne."

Ta wanke hannu, ta buɗe kwano, ta jawo yara, ta raba nama. Sai da ta ga na kusa shiɗewa sannan ta faɗi saƙon.

"Ya ce in gaya maka ya san sunan abin da ka yi wa motar, ba sai an ɓoye masa ba, ya riga ta sanin shi. Ya ce shi da nasa ƙafafun ba a taɓa zaro shi daga gonar kowa ba. Ya ce kuma yanzu ya gane abin da ke damunta tun farko."

"Mi?"

"Wai da can da kai ta yi kama."

Na ce ban gane ba. Ta nuna ƙasa da haɓa. Na miƙe tsaye, na haɗa dugadugaina, na duba. Gwiwoyina ba su san juna ba. Tsakaninsu ana iya wucewa da tulu. Tun da anka haife ni nake bisa ƙafafun nan, ba wanda ya taɓa gaya mini.

Na ce, "Tun yaushe anka sani?"

"Tun ranar da ka zo gaisuwar farko. Innarmu ta leƙo ta katanga ta gani."

"Kowa ya sani ke nan?"

"Har suna gare ka a gidanmu. Ba a dai faɗa gabanka, kai ma ai suruki ne."

"Wane suna?"

"Ci tuwonka."

"Hajo."

Ta gutsuri tuwo ta sa wa Sa'a a baki, ba ta dube ni ba. Ta ce, "Ƙofar Gari."